Kashin Maƙera Da Baƙin Tukunya: Kyawun Da Ke Ɓoye Cikin Abin Da Aka Yar



Duk wanda ya yi karatun allo a Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya san aikin da ake sa ƙolo idan tawada ta ƙare. Zai nemi tukunyar da ta daɗe a kan murhu, ya kifa ta, ya wanke baƙin da hayaƙi ya tara a gindinta, ya tace, ya jefa ɗan ƙaro a ciki, ya zuba a kurtu. Wannan baƙi shi ne abin da uwar gida ke kankarewa da toka ta zubar a bayan ɗaki. Da shi ne miliyoyin yaran ƙasar Hausa suka fara rubuta Fatiha.

Mun saba da wannan har mun daina ganinsa. Amma idan aka tsaya aka lissafa kayan aikin marubucin Alƙur'ani ɗaya bayan ɗaya, za a tarar kusan dukkansu daga abin da wani ya gama da shi suka fito. A wannan mako za mu dubi wannan gwani, mu dubi takwarorinsa na kasuwa da na ƙasashen waje, sannan mu dubi iyakar da wannan baiwa take da ita, iyakar da mutanen Anka da Bukkuyum suka san ɗacinta fiye da kowa.

Kayan aikin gwani

A fara da alƙalami. Sillen kara ne, ragowar gona bayan an girbe dawa, ko kuma gamba da ke tsirowa a gefen hanya. Gwani zai zaɓi wanda ya nuna ya yi ƙwari, ya fiƙe shi da aska, ya tsaga bakinsa daidai kaurin rubutun da yake so. Kurtun tawada ɗan ƙaramin duma ne wanda bai isa a yi ƙwarya ko buta da shi ba. Buzun da yake zaune a kai fatar ragon layya ce.

Tawada kuwa iri biyu ce, kuma kowace da aikinta. Ta allo ita ce ta baƙin tukunya ko ta gawayi, domin ana son wadda za a wanke gobe a rubuta sabon karatu. Ta takarda ana son wadda za ta zauna har jikoki su karanta. Don haka marubuta kan nemi 'ya'yan bagaruwa, waɗanda ke zuba a ƙarƙashin itace awaki na ci, su haɗa su da kashin maƙera, wato dattin ƙarfen da ke taruwa a murhun maƙeri wanda yake kwashewa ya watsar. Suna ne kawai aka ba shi, ba najasa ba ne. Sinadarin da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke dogara da shi wajen jeme fata, idan ya haɗu da ƙarfe a cikin ruwa sai ya rikiɗe ya zama baƙi mai kama takarda. Sai a ƙara ƙaro domin ya yi danƙo. Wannan hikima ta haɗa ƙarfe da tsiro mai ɗaci ita ce aka yi ƙarnoni ana rubutu da ita a ƙasashen Larabawa da na Turai, kowa da tsiron ƙasarsa. Namu bagaruwa ne.

Da wannan tawada gwani ke rubuta izu sittin da ka, a ruwayar Warshu, a kan warwarar takardu. Bayan ya gama satu sai ya dawo da jar tawada ya sa wasula, ya ɗiga launin ɗorawa a mazaunin hamza, ya zana alamar ƙarshen aya da kumsa da kuri, ya ƙawata gefen shafi a wurin sujada da farkon izu. Inda ya fi baje basirarsa shi ne zayyanar da ake yi a farkon kowane rubu'i: murabba'ai da da'irori masu sarƙe da juna, babu siffar mai rai ko ɗaya. Idan aiki ya kammala sai baduku ya karɓa, ya yi masa tadarishi da gafaka da fatar akuya wadda aka jeme da bagaruwa, aka rina ta ja da karan dafi, wato ɓawon da ke lulluɓe da karan wata irin dawa.

Wannan salon rubutu ya kai ga gidajen da ba su taɓa ganin marubuci ba ta hannun mutane irin su marigayi Sharif Bala na unguwar Gabari a Kano, wanda aka ɗauki rubutun hannunsa aka buga, har ya zamana a tsangayu da yawa idan an ce bugun Sharif Bala kowa ya gane. Wanda ya buɗe irin wannan mus'hafi ya ga yadda baƙi da ja da ɗorawa suka zauna a shafi, ba zai tuna da murhun maƙeri ba. A nan gwanintar take.

'Yan'uwansa na kasuwa

Marubucin Alƙur'ani ba shi kaɗai ke da wannan ido ba. A ƙasar Gummi da sauran fadamun gulbin Zamfara, inda ake noman duma, an san gyartai. Idan ƙwaryar nono ta tsage, mai ita ba ta jefar da ita. Gyartai zai huda gefen tsagar da basilla, ƙofa bayan ƙofa, ya ɗinke da siririn zare mai ƙwari har ta sake riƙe ruwa. Ɗinkin gwani a jere yake fitowa, tazara ɗaya, kamar aikin wuyan riga, ta yadda ƙwaryar da aka gyara takan fi sabuwa ɗaukar ido. Wadda ta fashe gaba ɗaya ma ba ta zama asara ba, domin sakaina na da nata aikin a tsakar gida.

A rumfar masu gwangwani kuwa, gwangwanin madara da na tumatir na komawa aci-balbal da mazurari. Tsohuwar taya na komawa takalmin da makiyayi zai shekara yana taka ƙaya da shi, robar cikinta ta zama guga. Masu zubi na narkar da tarkacen goran-ruwa, wato alminiyom, su kwarara a cikin yashi su fitar da tukunyar biki. Yaro ma kan ɗauki kara ya fere ya haɗa mota mai ƙofa da sitiyari. Shi ya sa sunan da aka raɗa wa masu bin juji, 'yan jari bola, ya ƙunshi gaskiyar da mai faɗarsa ba kullum yake lura da ita ba: bola jari ce ga wanda ya iya kallo.

Wannan tunani ya kai har ga gini. A shekarar 2011, a ƙauyen Yelwa kusa da Kaduna, an gina gida da dubban robobin ruwan sha da aka tsinto. Aka cika kowace da yashi, aka jera su kamar tubali, aka ɗaure da igiya, aka liƙe da laka. Gindin robobin da ke leƙowa a jikin bango shi ya zama adon gidan.

Wanda duniya ta sani

Abin da muke gani a kasuwar ƙauye muna wucewa, shi ne ya ɗaga sunan wani mai fasaha a duniya. El Anatsui ɗan ƙasar Ghana ne, an haife shi a 1944 a garin Anyako. Ya zo Najeriya a 1975 ya koyar a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, ya yi shekaru fiye da talatin a can. Tun da farko hankalinsa na kan abin da hannun mutane ya taɓa ya gaji: fasassun tukwane, tsofaffin turame, ƙarafan goge rogo da suka yi tsatsa, da murafun gwangwanin madarar Peak.

A ƙarshen shekarun 1990 ya ci karo da buhun murafun kwalabe da aka yar a jeji. Ya ajiye su a ɗakin aikinsa na wani lokaci kafin ya gano abin da zai yi da su. Sai ya fara miƙar da su, yana yankawa, yana hudawa, yana ɗinke su da wayar jan ƙarfe. Da taimakon matasa masu yawa da ya ɗauka aiki, dubban murafu suka zama shimfiɗa mai faɗin bangon bene, mai lanƙwasa kamar zane, mai walƙiya kamar an saƙa ta da zinariya da azurfa. A 2015 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a babban baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya, domin aikin da ya yi tsawon rayuwarsa. A 2023 ya rataye ayyukansa a babban zauren gidan Tate Modern da ke Landan.

Murafun da ya fi amfani da su na kwalaben giya ne, kuma bai ɓoye dalili ba: giya na cikin hajojin da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar tekun Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi. Ya mayar da sharar wannan ciniki ta zama abin tuni da shi. Ɗalibin da ya dubi hoton aikinsa ya dubi zayyanar allon sauka zai ga dangantaka: ƙananan siffofi masu maimaituwa, launi kusa da launi, har su haɗu su zama abu ɗaya. Bambancin shi ne an rubuta sunan Anatsui a littattafai, gyartai kuwa ko garinsu ba a cika tunawa da sunansa ba.

Abin da Sunna ta koyar

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a Musulunci. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wata matacciyar tunkiya da aka ba baiwar Nana Maimuna sadaka, sai ya tambayi dalilin da ya sa ba su amfana da fatarta ba. Da suka ce mushe ce, ya bayyana musu cewa cinta ne aka haramta. Kowa ya ga mushe, shi ya ga fata. Malamai sun yi bayani mai tsawo kan iyakar amfani da irin wannan fata bayan jima, kuma a mashhurin mazhabar Malikiyya ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita. Amma asalin darasin a fili yake.

Bukhari ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa ƙoƙon shan ruwan Annabi ya tsage, sai aka ɗaure tsagar da sarƙar azurfa. Aikin gyartai ke nan. Nana A'isha kuma ta ba da labarin cewa yakan ɗinke tufarsa, ya gyara takalminsa da hannunsa. Alƙur'ani ya hana almubazzaranci a aya ta 31 ta Suratul A'araf, ya kuma yi kakkausan gargaɗi ga masu ɓarnatar da dukiya a ayoyi na 26 da 27 na Suratul Isra'i.

Akwai kuma hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Sahihu Muslim, inda wani ya ji tsoron kada son tufa mai kyau da takalmi mai kyau ya zama girman kai. Annabi ya kwantar masa da hankali cewa Allah Yana son kyau, ya kuma bayyana cewa girman kai yana cikin ƙin gaskiya da raina mutane. Hadisi ɗaya ya haɗa son kyau da hana raini. Wanda ya saba raina kaya ba ya daɗewa sai ya raina mai tsintar kayan. Yaron da ke tura baro yana bin juji, wanda ake rufe ƙofa idan an hango shi, shi ne farkon sarƙar da ke ƙarewa a tukunyar da ake dafa abincin suna da ita.

Darasin Anka da Bukkuyum

Sai dai ido mai ganin amfani, idan babu ilimi tare da shi, yana iya kai gida ga makoki. A farkon 2010, ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, ta lura da yadda ƙananan yara ke mutuwa bayan jijjiga da suma a wasu ƙauyukan Zamfara, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu aiki ba. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Ƙauyukan sun haɗa da Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Bagega a ƙaramar hukumar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu.

Yadda abin ya faru ya shafi maganarmu kai tsaye. Farashin zinariya ya tashi, mutane suka koma haƙo duwatsun da a da ba wanda ya kula da su. Duwatsun na ɗauke da dalma mai yawa. Aka riƙa kawo su cikin gidaje ana dakawa a turmi, ana niƙawa da irin injin da ake niƙa hatsi, ana shanyawa a tsakar gida. Ƙurar ta zauna a ƙasar da yara ke rarrafe, suna kai hannu baki. Kayan da aka yi aikin dutse da su suka koma aikin abinci. Ɗabi'ar da ta hana mu zubar da turmi mai sauran amfani ita ce a wannan karon ta buɗe wa guba ƙofa, domin ba wanda ya san abin da ke cikin ƙurar. Magani bai yiwu ba sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka binne, aka zuba sabuwa. Bagega sai a 2013 aka yi mata wannan aiki, bayan jiran kuɗi daga gwamnatin tarayya. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido.

Dalma ba a dutsen ma'adinai kaɗai take ba. Tana cikin tsohon batirin mota, wanda ake fasawa domin sayar da cikinsa. Tana iya shiga tukunyar zubi idan an narkar da tarkacen inji da na lantarki ba tare da tantancewa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan tukwanen da ake zubawa a Kamaru ya nuna dalma na fita daga jikinsu idan an dafa ruwa mai tsami a ciki. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗanon da zai sa a gane, kuma tafasa ba ta kashe ta. Illarta ga ƙwaƙwalwar yaro ba ta cika warkewa ba. Haka ma jarkar maganin feshi da buhun taki: wanki ba ya tabbatar da cewa sun dace da ruwan sha ko garin tuwo.

Tambayoyi uku kafin a ɗauka

Daga abin da ya gabata, mai gida da ɗalibi za su iya riƙe tambayoyi uku.

Ta farko: na wane ne? Abin da mai shi ya yar da kansa, ya cire rai da shi, halal ne ga wanda ya ɗauka. Abin da ya faɗi daga hannun mai shi tsintuwa ne, kuma idan mai daraja ne sai an yi cigiyarsa shekara guda, kamar yadda ya zo a hadisin Zaidu ɗan Khalid Al-Juhani. Wayar lantarki da ƙarfen gada da tagar makaranta da famfon unguwa ba bola ba ne. Dukiyar jama'a ce, kuma mai saye da ya san asalinta yana da kaso a laifin.

Ta biyu: mai tsarki ne? Ƙarfe da roba da kwalba na tsarkaka da wanki. A ɗaya gefen kuma akwai abin da darajarsa ta hana ya kai juji tun farko. Takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah ba a ƙunshe ƙosai da ita. Idan ta tsufa sai a ƙone ta cikin girmamawa, kamar yadda Sayyidina Usman ya yi da sauran rubuce-rubuce bayan an haɗa mus'hafi, ko a binne ta a wuri mai tsabta.

Ta uku: zai cutar? Ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda Imam Malik ya kawo hadisinta a Muwaɗɗa, ta hau kan wannan. Abin da ya taɓa dutsen zinariya ko batiri ko maganin ƙwari kada ya kusanci abinci da wurin wasan yara. Mai aikin ma'adinai ya bar aikin a wajen gari, ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya ɗauki ɗansa. Mai zubin tukunya ya ware gwangwanayen lemo da tsofaffin tukwane daga tarkacen mota, ya bar na motar ga abin da ba a ci a ciki.

Marubucin Alƙur'ani ya daɗe da amsa waɗannan tambayoyi a aikace. Kashin maƙera maƙeri ne ya yar da shi, bagaruwa ta Allah ce, kara ragowar gona ne, kuma ya san abin da kowanne zai yi idan ya haɗu da ɗan'uwansa domin ya koya a gaban malami. Yau tawadar kwalba da alƙalamin roba sun shiga tsangayu, robobi sun kori ƙwarya daga gidaje da yawa, gyartai na ƙaranci. Makarantun Islamiyya da na allo a Anka da Gummi da Bukkuyum za su yi abin kirki idan suka ware rana suka gayyato dattijon da ya iya haɗa tawadar bagaruwa ya nuna wa yara, suka kuma gayyato ma'aikacin lafiya ya bayyana musu abin da dalma take yi. Ilimin biyu tare ya kamata yaro ya tashi da su.

Allah Ya jiƙan yaran da suka rasu, Ya ba waɗanda suka rayu lafiya, Ya sa mu zama masu godiyar ni'imarSa, ƙaramarta da babbarta.